Saƙa Huɗu Na Jikin Ɗan Adam

Darasinmu na wannan wata a kan jikin mutum ya ke. Kafin mu fara, bari mai bi da aji ya sa a karanta Ezekiel 37:1-10, da Ayuba 10:8-12, da I Korintiyawa 12:12-27. Cikin wahayin da aka nuna wa Ezekiel, ƙasusuwan da ke warwatse ne suka fara haɗuwa, sa'an nan jijiyoyi da nama, sa'an nan fata, daga bisani rai ya shiga. Annabin yana zancen farfaɗowar jama'ar Isra'ila ne, amma mai karatu ba zai rasa lura ba cewa jiki abu ne da aka shirya daki-daki, kowane abu a wurinsa.

Waɗansu 'ya'yanmu na ƙasar Tambuwal da Kebbe suna koyon aikin jinya, a kwalejin da ke nan Tambuwal ko kuwa a birnin Sakkwato. Wannan darasi yana cikin na farko da a ke koya musu. Amma ba nasu ba ne su kaɗai. Uwar da ke wa ɗanta wanka, da manomin da ya taka ƙaya, da dattijon ekklesiya da a kan kira wurin mai ciwo da tsakar dare, duka suna bukatarsa. Gama akwai cututtuka a ƙasarmu waɗanda ke cin rai domin ba a gane su da wuri ba, wanda kuwa ya san yadda aka yi jiki ya fi saurin gane sa'ad da jiki ya fara ɓaci.

1. Menene saƙar jiki?

Mu dubi riga. Daga zare a ke saƙa, daga saƙa a ke yanka hannu da wuya da aljihu, sa'an nan a ɗinka su su zama riga guda. Haka jiki ya ke. Zarensa su ne ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai wajen miliyan sau miliyan 30, iri-iri fiye da 200. Sa'ad da ƙwayoyi masu kama da juna suka taru suna aiki ɗaya, su ne mu ke kira saƙa. Saƙa dabam dabam kuwa su kan haɗu su zama gaɓa, kamar zuciya, ko hanta, ko ƙoda.

Ba a san wannan da daɗewa ba. A shekara ta 1665 wani masani a Ingila mai suna Robert Hooke ya duba ɓawon wani itace da madubi, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga baya wani likita Bafaranshe, Xavier Bichat, ya yi ta binciken gawa da ido kawai, ba tare da madubi ba, har ya lissafta saƙa iri 21. Ya rasu a 1802 yana da shekara 30. Da madubai suka ƙara kyau, sai masana a Jamus suka ga cewa dukan waɗannan suna komawa ga manyan iri huɗu. Su ne saƙar rufi, da saƙar haɗi, da tsoka, da jijiyar saƙo.

Yau idan likita ya cire ƙari daga jikin mutum, a kan aika da shi ɗakin bincike, kamar na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A can za a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a rina shi, a duba da madubi, a gane ko ciwon daji ne ko kuwa ƙari ne marar lahani. Mu da ba mu da madubi, teburin mahauci a kasuwa ya ishe mu makaranta, gama saƙa huɗun nan suna jikin akuya da rago kamar yadda su ke jikinmu.

2. Saƙar rufi

Wannan ita ce ta rufe jiki daga waje, ta kuma shimfiɗe cikinsa. Bisan fata ita ce. Cikin baki, da maƙogwaro, da tumbi, da hanji, da hanyar numfashi, da mafitsara, duka da ita aka shafe su. Ƙwayoyinta suna manne da juna kamar tubalan ganuwa, ba su bar ƙofa ba. A inda a ke yawan guga, kamar tafin ƙafa, an jera su hawa bisa hawa. A inda a ke so abu ya ratsa, kamar cikin huhu da hanji, hawa ɗaya tak aka yi, domin iska da abinci su shiga jini. Daga wannan saƙa kuma gumi ke fitowa, da yawu, da nonon uwa.

Tana da saurin sabuntawa ƙwarai. Bisan fata ya kan sake cikin wajen mako huɗu, shimfiɗar hanji kuwa cikin kwana uku zuwa biyar. Shi ya sa ƙujewa ta kan warke ba tabo.

Abin koyo a nan shi ne, inda rufi ya ɓarke, nan cuta ke shiga, nan kuma ruwan jiki ke fita. Yaron da ya faɗa wuta lokacin sanyi, kada a shafa masa tawada, ko kashin shanu, ko ɗanyen ƙwai. A yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har wajen minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Yaro mai zawo kuma, shimfiɗar hanjinsa ce ta raunana, ruwa yana zuba. A ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan kaɗan ba fasawa, kada kuwa a hana shi nono, domin jiki ya sami ƙarfin sake shimfiɗar.

3. Saƙar haɗi

Wannan ita ce mai ɗaure sauran, mai tallafe su. Ta fi kowace yawan iri. Ƙashi yana cikinta, da guringuntsi na kunne da hanci, da agara, da kitse, da farin tantanin nan da mahauci ke yankewa sa'ad da ya ke fiɗa. Bambancinta da saƙar rufi shi ne, ƙwayoyinta a warwatse su ke, da wani abu a tsakaninsu. A ƙashi abin nan mai tauri ne kamar dutse. A agara kamar igiya ya ke. A jini kuwa ruwa ne, domin haka masana suka sa jini ma cikin wannan iri, ko da ya ke abin da mamaki ga mai ji.

Igiyar da ke cikin wannan saƙa sunanta kolajin, mun kuwa san ta ko da ba mu san sunanta ba. Idan aka dafa ƙauri romon ya huce ya daskare, ita ce ta narke a ciki. Majemi ma ya san ta. Sa'ad da ya kankare gashi da bisan fata, ya jiƙa sauran cikin ruwan bagaruwa, abin da ya rage a hannunsa saƙar haɗi ce. Fatar jar akuya ta Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har ta yi suna a Turai, ƙarfinta daga nan ya ke.

Babban mutum yana da ƙashi 206. Kada mu ɗauka ƙashi mataccen abu ne, gama yana da jini, yana girma, idan ya karye ya kan ɗinke kansa. Aikin maɗori ko likita shi ne ya daidaita shi ya riƙe shi, amma ɗinkin na jiki ne. Sai dai a kula da wannan: idan aka ɗaure karaya da ƙarfi har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka daina ji, jini ya tsaya ke nan. A kwance nan da nan a tafi asibiti, gama yara da yawa sun rasa hannu ko ƙafa ta wannan hanya.

Cikin ɓargo a ke yin jini. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, jar ƙwayar jini kuma ta kan yi kwana 120 kafin a sake ta. Ga mai amosanin jini, watau sikila, ƙwayar ta kan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyi, ta mutu da wuri. Gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa kaɗai ba. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu wannan ciwo. Saboda haka idan ekklesiya ta ce saurayi da budurwa su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, ƙauna ce ta sa.

4. Tsoka

Wannan ita ce mu ke kira nama, wadda a ke tsire da kilishi da ita. Aikinta ɗaya ne, ta tsuke ta saki. Ba ta iya turi, sai ja. Domin haka aka yi su bibbiyu, wata ta lanƙwasa hannu, wata ta miƙe shi.

Iri uku ce. Ta fari ita ce ta jikin ƙashi, wadda ke bin umurninmu. Da ita mu ke noma, da daka, da tafiya, akwai su kuwa fiye da 600. Ta biyu ita ce ta zuciya, babu irinta a wani wuri cikin jiki. Ta kan buga wajen sau 100,000 kowace rana, ba ta jiran izinin kowa. Ta uku ita ce mai santsi, wadda ke cikin bangon hanji, da hanyoyin jini, da mahaifa. Ita ke tura abinci muna barci, ita ce kuma ke naƙuda.

Mu lura fa, tsoka biyu cikin ukun nan ba a hannunmu su ke ba. Mutum mai girman kai ya tuna da wannan: ko bugun zuciyarsa guda ɗaya ba shi ne ya umurta ba.

Tsoka tana ginuwa da aiki da abinci. Tuwo kaɗai ba ya isa yaro mai girma, sai an haɗa da wake, ko gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai, ko nono. Game da naƙuda kuma, idan ta wuce yini guda ba a haihu ba, kan jariri yana danne naman uwa a jikin ƙashi, jini ba ya isa wurin, naman ya mutu ya huje. Wannan shi ne asalin yawancin yoyon fitsari. Maigida kada ya jira gari ya waye sau biyu kafin ya nemi mota.

5. Jijiyar saƙo

A Hausa abu uku mu ke kira jijiya, ya kamata mu rarrabe su. Akwai jijiyar jini, wadda hanya ce. Akwai agara, wadda igiya ce. Akwai kuma jijiyar saƙo, ita ce saƙa ta huɗu. Ƙwaƙwalwa da ita aka yi, da lakar da ke cikin ƙashin baya, da fararen zarurruka masu fita daga cikinsu zuwa ko'ina. Cikin ƙwaƙwalwa kaɗai akwai ƙwayoyinta wajen miliyan dubu 86. Ita ce manzon jiki. Ta kan kai labari daga ido da kunne da fata, ta komo da umurni zuwa ga tsoka, a waɗansu jijiyoyi gudun saƙon ya kan wuce mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya.

Wannan saƙa ita ce mafi wuyar gyaruwa. Jijiyar hannu ko ƙafa idan ta yanke aka ɗinke, ta kan tsiro wajen milimita ɗaya a yini. Ta ƙwaƙwalwa da laka kuwa, yawanci abin da ya mutu ya mutu ke nan. Shi ya sa shan inna ke barin yaro da gurguntaka har tsufa, gama ƙwayar cutar tana kashe jijiyoyin cikin laka masu umurtar tsoka, tsokar kuwa ta shanye don rashin umurni. A shekara ta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna mai yawo ta ƙare a Afirka, rigakafi ne kuwa ya kawo wannan, domin haka kada mu fasa kai yara. Haka kuma babbar jijiyar ƙafa ta bi ta cikin ɗuwawu. Allurar da wanda bai koya ba ya yi a wurin da bai dace ba tana iya shanye ƙafar yaro.

Bari mu daɗe kaɗan a kan kuturta, gama ekklesiyoyinmu suna da tarihi da ita. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, kafin gwamnati ta karɓa daga baya. Tun a 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya ga ƙwayar cutar da madubi. Amma mutane sun daɗe suna tsammani cutar ce da kanta ke cinye yatsu. Wani likitan mishan a Indiya, Paul Brand, shi ya nuna cewa ba haka ba ne. Ƙwayar tana lalata jijiyar saƙo, hannu da ƙafa su daina jin zafi. Sai mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ya yini da ƙaya a ƙafa bai ji ba, miki ya ruɓe, yatsa ya gutsure. Ashe jin zafi ma kyauta ce daga wurin Allah.

Alamarta ta fari ita ce tabo mai haske a fata wanda ba ya ji. A gwada da ɗan auduga, mutumin yana rufe da ido. Kuturta ba gado ba ce, yawancin mutane kuwa jikinsu ba ya kamuwa da ita. Tun 1995 a ke ba da maganinta kyauta a duniya, a sha wata 6 ko wata 12 a warke, wanda ya fara sha kuma ba ya ba wani. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta kan komo ba. Mai ɓoye tabo don kunya, yatsunsa ya ke sayarwa.

6. Ciwon da ke cin saƙa huɗu duka

Akwai ciwo a ƙasarmu da likitoci ke kira noma, waɗansu mutanenmu kuwa su kan ce ciwon iska ko ciwon daji. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Ya kan fara da ɗan miki a dasashi, watau a saƙar rufi. Baki ya yi wari, dasashi ya riƙa jini, kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki ya ratsa saƙar haɗi, ya ci tsoka da jijiya, ya kai ga ƙashi, har kunci ya huje. In ba magani, wajen tara cikin goma su kan mutu. Waɗanda suka tsira kuma tabon ya kan ɗaure muƙamuƙi, ci da magana su gagara.

Amma idan aka gane shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai kyau su kan tsai da shi. A birnin Sakkwato akwai asibiti musamman domin wannan ciwo tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimakonsa a 2014. A can a ke ɗauko fata da nama daga wani wuri na jiki a gyara fuska. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuwa ta ja gaba wajen roƙon. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar sa'o'i kaɗan ce a mota, daga ƙauyukan Kebbe ta ɗan fi haka. Kwana ukun da a kan ɓata ana turare da tofi su ne ke raba rai da mutuwa. Kowace uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa, tun ba bayan ƙyanda ba.

7. Abin da wannan ke koya wa ekklesiya

Manzo Bulus ya kwatanta ekklesiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa, ya kuma nuna cewa waɗanda a ke gani raunana ba a iya rabuwa da su. Iliminmu na yau ya ƙara bayyana wannan. Babu gaɓa ko ɗaya da aka yi da saƙa guda. Ku ɗauki hanji: rufi a ciki, tsoka tana turawa, jijiya tana umurta, saƙar haɗi ta riƙe su duka. A cire ɗaya, sauran ukun sun zama banza.

Cikin ekklesiya akwai masu tsaro, masu lura da abin da ke shigowa na koyarwa. Akwai masu haɗi, masu ziyara da sulhunta 'yan'uwa, waɗanda ba a cika ganinsu a gaba ba. Akwai masu ƙarfi, masu gini da noman gonar ekklesiya da ɗaukar mai ciwo. Akwai masu kai saƙo, daga Kan jiki, wato Almasihu, zuwa ga gaɓoɓi. Kada ɗaya ya rena ɗaya.

Gargaɗi mafi nauyi kuwa daga kuturta ya fito. Jikin da ya daina jin zafin gaɓoɓinsa, a hankali ya kan rasa su. Idan gwauruwa tana kwana da yunwa a bayan majami'a ba wanda ya ji, idan an ɓoye yaro mai hujajjen kunci a ƙuryar ɗaki ba wanda ya tambaya, idan ɗan'uwa ya daina zuwa sujada wata uku ba wanda ya bi sawu, to, jijiyarmu ta fara mutuwa. Cikin Markus sura 1 Ubangijinmu ya taɓa kuturu da hannunsa, a zamanin da kowa ke gudunsa. Maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi duka, jikinsu da saƙa huɗun nan aka yi shi, hannu ɗaya ne kuwa ya saƙa. Abin da muka koya yau bashi ne a kanmu mu kai musu.

Tambayoyi domin aji

1. Faɗi saƙa huɗu na jiki, da misalin kowace daga teburin mahauci.
2. Waɗanne abubuwa uku ne mu ke kira jijiya, ina kuwa bambancinsu?
3. Don me mai kuturta ke rasa yatsu? Yaya za a gwada tabo?
4. Waɗanne alamu ne uwa za ta gani a bakin yaro ta tashi zuwa asibiti ran nan?
5. Wanene cikin ekklesiyarmu ko unguwarmu ke shan wuya ba mu ji ba? Wa zai je wurinsa cikin makon nan?

Addu'a

Ya Uba Mahalicci, mun gode maka domin jikin da ka ba mu. Ka koya mana mu kiyaye shi da tsarki, mu kuma lura da na 'ya'yanmu. Ka albarkaci likitoci da masu jinya, da 'ya'yanmu masu koyon wannan aiki. Ka rayar da jinƙai a cikinmu, domin mu ji zafin 'yan'uwanmu mu tashi mu taimake su. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.